Maganin da Yake Kwantar da Garkuwar Jiki: Yadda Mai Bi Zai Jimre Wahalarsa

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7, Luka 17:11-19

   

Maganarmu ta yau a kan wani irin magani ne da likitoci suke ba masu wasu cututtukan jini. Magani ne mai ceton rai, amma yana zuwa da tasa wahalar. Mutum yana sha, sai fuskarsa ta kumbura, barci ya ƙi zuwa, hannu ya soma rawa, fushi ya yi yawa. Daga nan sai shakka ta shiga. Wani ya ce maganin ne yake ƙara masa ciwo, ya jefar. Wani kuma ya je taron addu'a, aka ce masa ya warke, ya dawo gida ya zubar da ƙwayoyinsa. Ta wannan hanya iyalai sun yi rashin 'yan'uwa waɗanda da sun rayu. Saboda haka abu ɗaya nake so mu riƙe tun daga farko: wannan magani ba a tsayar da shi sai da izinin likita. Wahalarsa kuwa akwai yadda ake rage ta.

Abin da yake faruwa cikin jini

A cikin ɓargon ƙashi ne Allah ya shirya a riƙa yin jini. Akwai ƙwayoyi iri uku a cikinsa. Jajayen ƙwayoyi suna kai iskar numfashi ko'ina a jiki, kowace tana rayuwa kamar kwana 120. Fararen ƙwayoyi su ne sojojin jiki, suna yaƙi da cuta. Na uku kuma 'yan ƙanana ne masu tsayar da jini idan mutum ya ji rauni, likitoci suna kiransu platilet, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10 kawai.

Ku yi tunanin karen gida. Aikinsa shi ne ya kori ɓarawo. To, wata rana sai kare ya rikice, ya daina gane mutanen gida, ya soma cizon 'ya'yan maigida. Haka garkuwar jiki take yi wa wasu mutane. Idan ta faɗa wa platilet, sai a ga haɓo, jini a dasashi, jajayen ɗigo-ɗigo a fata, ko jinin al'ada mai yawa. Wannan ciwo likitoci suna kiransa ITP. Idan ta faɗa wa jajayen ƙwayoyi, sai mutum ya ɗashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, gajiya ta yi yawa. Idan kuma ta faɗa wa ɓargon kansa, sai dukan ƙwayoyin nan uku su ragu tare. Wannan shi ne aplastik anemiya, yana da haɗari ƙwarai.

Maganin da muke magana a kai yana ɗaure karen ne. 'Ya'yan gida sun huta da cizo, amma ku lura, yanzu ɓarawo yana iya shiga da sauƙi. Wannan shi ne asalin yawancin wahalar da za mu duba. Irin wannan magani kuma ake ba wanda aka yi wa dashen ɓargo, misali mai ciwon sikila. A Nijeriya an fara irin wannan dashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011.

Bari in faɗi wani abu a fili domin gidajenmu. Idan aka ce jinin mutum yana ƙarewa, nan da nan wasu sukan ce mayu ne suke shanye shi, sai a soma nuna wata tsohuwa da yatsa. Wasu kuma da sun ji kalmar garkuwar jiki sai su ce ai ƙanjamau ne. Waɗannan cututtuka ba maita ba ne, ba ƙanjamau ba ne, kuma ba a ɗaukarsu ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. A Yohanna sura 9 almajirai sun nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani mutum, ko shi ko iyayensa. Yesu bai ɗora wa kowa ba. Mu ma kada mu ɗora.

Magunguna biyu da aka fi bayarwa

Na farko shi ne prednisolon. Ɗan'uwan kortizon ne, wanda wani likita mai suna Philip Hench ya fara gwadawa a kan mai ciwon gaɓoɓi a Amurka a shekarar 1948. Na biyu shi ne siklosporin. An samo shi daga wata irin funfuna da aka tarar cikin ƙasar da aka ɗebo daga Norway, aka amince da amfani da shi a Amurka a 1983. Ku duba ikon Mahalicci, ya ajiye magani cikin turɓaya tun kafin mutum ya san yana wurin. Akwai wasu kuma, kamar azatiyoprin, amma waɗannan biyu ne za mu fi tsayawa a kansu.

Wahalar da ake iya ragewa a gida

Prednisolon yana buɗe ciki, mutum ya yi ta jin yunwa. Fuska takan yi zagaye kamar wata, ciki ya fito, ƙuraje su feso. Yana iya tayar da sukari cikin jini, ya kawo hawan jini. Yana hana barci, yana sa ƙwannafi da zafin ciki. Idan an daɗe ana sha yana rage ƙarfin ƙashi da na cinyoyi, yana kuma iya taɓa ido.

Ga abin da yake taimakawa. A sha shi da safe bayan an ci abinci, in dai likita bai tsara wani lokaci dabam ba, domin hakan yana rage zafin ciki da rashin barci. A rage gishiri, magi da kanwa. A rage sukari a shayi da kunu, a bar lemun kwalba. Idan yunwa ta taso, a nemi wake, acca, gwate mai ganye da yawa, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. A riƙa ɗan tafiya da ƙafa kowace rana gwargwadon ƙarfi. A riƙa auna hawan jini da sukari a kai a kai. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da dare alama ce sukari ya hau, sai a gaya wa likita.

Siklosporin kuwa ƙoda ya fi matsa wa. Yana kawo hawan jini, rawar hannu, ciwon kai, kumburin dasashi, da fitowar gashi a fuska da jiki, har ga mata. Yawanci ana shansa sau biyu a rana, awa 12 tsakani, kuma a lokaci ɗaya kullum. Mai shansa ya riƙa shan ruwa isasshe, musamman a zafin watan Maris da Afrilu da lokacin aikin gona. Ya goge baki safe da dare da buroshi mai laushi, domin aswaki mai tauri yana iya fasa dasashi. Ya sa malafa idan zai daɗe a rana. Kada ya sha garehul, wato babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, domin yana sa maganin ya taru cikin jini fiye da kima. Gwajin jini da na ƙoda da likita yake sawa ba ɓarnar kuɗi ba ne. Da shi ne ake sanin ko a ƙara magani ko a rage.

Akwai wahalar da ba a gani da ido. Prednisolon yana taɓa halin mutum. Mai sanyin hali sai ya zama mai faɗa. Wani ya yi ta kuka ba dalili, wani ya yi ta surutu har tsakar dare. Maigida, idan matarka ta canza haka bayan ta fara magani, kada ka ce ta raina ka. Uwargida, idan mijinki ne, kada ki ce aljani ya shige shi. Aikin magani ne. Ku yi haƙuri da juna, ku kuma gaya wa likita. Amma idan mutum ya rikice, yana ganin abin da babu, ko yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

'Yan mata da samari su ne canjin kamanni ya fi yi wa zafi. 'Yata, ɗana, ku saurare ni. Kumburin fuskar nan yakan sauka a hankali bayan an rage maganin, gashin ma yakan ragu. Kada madubi ko dariyar abokai su sa ku ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin katifa. A 1 Sama'ila sura 16 Ubangiji ya koya wa annabi Sama'ila cewa shi zuciya yake dubawa, kyan siffa ba shi ne ma'auninsa ba. Darajarku a wurinsa ba ta ragu ba ko kaɗan.

Alamun da ba a kwana da su

Tun da an ɗaure karen gida, ƙaramin ciwo yana iya zama babba cikin awa kaɗan. Kowane gida mai irin wannan majinyaci ya sayi ma'aunin zafin jiki. Idan zafi ya kai 38, ko mutum yana rawar sanyi, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada a ce zazzaɓin sauro ne kawai, a saya masa magani a kemis. A auna zafin kafin a sha parasitamol, domin yana ɓoye zazzaɓi. Prednisolon ma yana iya ɓoye shi, saboda haka idan jiki ya mutu haka kawai, ko da babu zafi, a tafi.

Haka kuma a gaggauta idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: jinin da ya ƙi tsayawa, baƙin kashi kamar kwalta, aman jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, farfaɗiya, numfashi sama-sama, raguwar fitsari da kumburin ƙafa, ko ƙuraje masu ruwa da zafi a gefe ɗaya na jiki. Idan amai ko gudawa suka hana maganin zama a ciki, wannan ma na gaggawa ne, domin a asibiti ana iya ba da shi ta allura.

Tsare kai daga cuta

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A kwana cikin gidan sauro kowane dare. A tafasa ruwan sha. A wanke hannu da sabulu. Nama ya dahu sosai, ko na kaza ne, ko na alade, ko tsire. A guji nono da kindirmon da ba a dafa madararsu ba. A rufe abinci saboda ɓera, domin ta wurinsa zazzaɓin Lassa yake zuwa. A sa takalmi a gona, domin wasu tsutsotsi ta tafin ƙafa suke shiga. Sharar ɗakin kaji da na tantabaru a bar wa wani.

Majinyaci ya nisanci mai ƙyanda, mai ƙarambau da mai tari mai daɗewa. Idan ya riga ya yi cuɗanya da su, ya sanar da likita nan da nan. Tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suna iya kwantawa shiru cikin jiki shekaru, sai su farka idan garkuwa ta yi ƙasa. Shi ya sa likitoci sukan gwada su kafin a fara magani. Wanda ya taɓa yin ɗayansu ya faɗa, kada ya ji kunya.

Akwai allurar rigakafin da ba ta dace da majinyacin ba a wannan lokaci, kamar ta shawara da ta ƙyanda, domin akwai ƙwayar cuta mai rai a cikinsu wadda aka raunana. Ya tambayi likita kafin ya karɓi kowace. Amma yaran gida su ci gaba da karɓar rigakafinsu, domin lafiyarsu katanga ce gare shi. Idan an ɗiga wa yaro maganin foliyo, wani ya riƙa wanke masa kashi, a kuma kula da wanke hannu.

Kada a haɗa da wani magani ba da sanin likita ba. Aspirin, ibuprofen da diklofenak, waɗanda muke saya domin ciwon jiki bayan noma, suna ƙara zubar jini, suna cin ciki, suna kuma cutar da ƙoda. Rifampisin na tarin fuka yana rage ƙarfin siklosporin. Jiƙo da sassaƙe ba wanda ya san abin da za su yi idan suka gamu da waɗannan ƙwayoyi. Burkutu da sauran giya a bar su. Matar da take da ciki ko take neman haihuwa ta faɗa tun da wuri, domin wasu magungunan suna cutar da jariri, likita zai san wanda zai zaɓa mata. Wanda kuma Allah ya ba lafiya, kada ya sayi irin waɗannan ƙwayoyi domin neman ƙiba, kamar waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba.

Me ya sa ba a tsayar da shi farat ɗaya?

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirenal. Yana fitar da sinadarin kortisol, wanda yake riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki. Idan mutum ya sha prednisolon fiye da kamar mako uku, sai ƙullutan nan su ga an karɓe musu aiki, su yi barci. Ranar da aka yanke maganin gaba ɗaya, ba sa iya farkawa nan take. Sai amai, jiri, mutuwar jiki da suma su biyo baya, har ya kai ga rasa rai. Shi ya sa likita yake ragewa kaɗan-kaɗan, domin su farka a hankali. Ban da wannan, ciwon jinin kansa yana iya dawowa da ƙarfi idan aka kwance karen kafin lokaci. Siklosporin kuma yakan ɗauki watanni kafin a ga amfaninsa a gwajin jini. Sannu ba ta hana zuwa.

To, ina bangaskiya a cikin wannan? Mu koma ga karatunmu. Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo har annabi Ishaya ya gaya masa ya shirya gidansa. Ya juya fuskarsa ga bango, ya yi addu'a da kuka. Allah ya ji, ya yi masa alkawarin ƙarin shekara 15. Bayan wannan alkawari ne Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Alkawari ya riga ya fito daga bakin Allah, duk da haka aka sa magani. Annabin bai ga wani saɓani tsakanin biyun ba. Manzo Bulus, wanda Allah ya yi al'ajibai ta hannunsa, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Luka, abokin tafiyarsa, likita ne.

Muna gaskata Yesu yana warkarwa har yau. Amma ku duba abin da ya yi da kutare goma a Luka sura 17. Ya aike su wurin firistoci, domin bisa ga Littafin Firistoci sura 13 da 14 su ne aka sa su duba fata su tabbatar ko mutum ya tsarkaka. Ɗan'uwa, idan ka gaskata Ubangiji ya taɓa ka, mun yi murna tare da kai. Ci gaba da shan maganinka, ka je a gwada jininka. Idan ka warke, takardar gwaji za ta nuna, likita zai rage maganin bisa ƙa'ida, shaidarka kuma za ta fi ƙarfi. Warkarwar Allah ba ta tsoron gwaji. Zubar da magani domin a nuna bangaskiya ya yi kama da abin da Shaiɗan ya nemi Yesu ya yi a Matiyu sura 4, wato ya faɗo daga kan Haikali domin mala'iku su tare shi. Yesu ya ƙi, domin gwada Allah ne. Ku abokan aikina, fastoci da masu bishara, mu yi addu'a da dukan zuciya, amma kada bakinmu ya umarci kowa ya bar maganinsa. Za mu ba da lissafin wannan rai.

Haka batun azumi. Idan ikkilisiya ta sa azumi, mai shan waɗannan magunguna kada ya bar ruwa, abinci ko ƙwayarsa sai ya yi shawara da likita. Rashin ruwa yana iya lalata ƙodar mai shan siklosporin. Yana iya keɓe lokacin domin addu'a da karatun Maganar Allah, Ubangiji ya san halin da yake ciki.

Aikin iyali da na ikkilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Markus sura 2 mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayye zuwa wurin Yesu. A gida a sami mutum ɗaya mai tuna wa majinyaci lokacin magani da ranar asibiti. A rubuta sunan magani da yawan da ake sha a takarda, ta zauna a aljihunsa kullum, ya nuna a duk asibitin da ya je, har wurin mai cire haƙori. A sayi sabo tun saura na mako guda, a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC. Idan za a je ƙauye Kirsimeti ko biki, a tafi da isasshe. A ajiye magani da takardun asibiti cikin jaka ɗaya wadda za a iya ɗauka da sauri idan tashin hankali ya taso. Likitocin jini kuwa ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jos, Zariya, Gombe, Maiduguri da Gwagwalada.

Magungunan nan da gwaje-gwajensu suna cin kuɗi, wasu sukan yanke magani domin aljihu ya ƙare, ba domin sun so ba. Zumuntar mata, ƙungiyar matasa da dattawan ikkilisiya, a nan ne aikinku yake: kuɗin mota, kwanon hatsi, taimakon noma, da ba da jini. Ga mai aplastik anemiya da ake sa ran yi wa dashen ɓargo, likitoci sun fi so jinin kada ya fito daga danginsa na kusa. Kun ga ashe 'yan'uwa cikin Almasihu ne za su miƙa hannu. Mai mura kuwa ya aika da gaisuwa, ya bari sai ya warke ya zo. Idan majinyaci ya sa takunkumin fuska a sujada, ko ya zauna kusa da taga, ko bai miƙa hannu ba, kada a ce girman kai ne.

Ɗan'uwana mai jinya, 'yar'uwata mai jinya, akwai bege. Yawancin yara masu ITP sukan warke cikin watanni. Manya da yawa an rage musu magani har sun koma gona, kasuwa da makaranta. Wanda kuma tafiyarsa ta yi tsawo, ya tuna da Bulus a 2 Korantiyawa sura 12. Sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da take jikinsa. Ba a cire ba, amma an ba shi alherin da ya ishe shi ɗaukarta. Wannan alheri yana nan dominka yau.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai ne ka yi jini da ɓargo, kai ne kuma ka ba mutane sanin magani. Muna kawo maka 'ya'yanka masu ciwon jini. Ka ba su haƙuri a ranar da magani ya yi musu nauyi. Ka tsare su daga cuta. Ka ba likitoci da ma'aikatan jinya hikima, ka biya bukatar iyalansu, ka buɗe zuciyar ikkilisiyarka ta taimaka. Ka warkar da su bisa ga nufinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.